Kafin Ƙarfe Ya Taɓa Haƙori

Mafi yawan masu shigowa ɗakin da nake aiki a nan Kaduna sun gama yanke shawara tun daga gida: wankin haƙori suka zo yi, a faɗi kuɗi, a wanke, su kama gabansu. Ni kuma ba na ɗaukar ƙarfe sai na zauna da mutum, na yi masa tambayoyi, na auna jininsa, na leƙa bakinsa lungu da saƙo. Zaman nan shi ne abin da aka fi yi mini ƙorafi a kansa, musamman wanda ya bar shago ba kowa ko ya ajiye kekensa a bakin ƙofa. A wurina kuwa shi ne ainihin aikin. Kankare datti hannu ne da inji, duk wanda aka koya wa zai iya. Abin da ke da wuya shi ne sanin wanda za a wanke wa yau, da wanda za a ce ya fara ganin likitansa tukuna, da kuma abin da za a ce wa kowa ya riƙa yi in ya koma gida.

Ina cikin ma'aikatan da aka horar don kula da tsaftar baki da lafiyar dasashi, waɗanda ke aiki tare da likitocin haƙori, kuma muna da hukumar rajistarmu da aka kafa da doka tun 1993. Akwai iyakar da ba na tsallakewa, kuma tambayoyin farko ne ke nuna mini inda iyakar take ga kowane mutum.

Tambayar da ta fi yi mini amfani ita ce ta magani. Ba na cewa "kana da wata cuta?", don amsar a garin nan ɗaya ce: lafiya lau, alhamdu lillahi. Mutum zai shekara biyar yana shan ƙwayar hawan jini, amma tunda yana fita kasuwa yana dawowa, bai ɗauki kansa marar lafiya ba. Sai in ce, "Akwai abin da ake haɗiya kullum, da safe ko da dare?" A nan ne ake fara lalubar aljihu.

Wani dattijo mai sayar da yadi ya zo, ɗansa ne ya rako shi. Dasashinsa ya yi tudu-tudu, ya hauro ta tsakanin haƙoran gaba har ya rufe kusan rabinsu. Da na taɓa na ji shi da tauri, kuma bai yi jan da kumburin datti kaɗai ke yi ba. Ya ce wasu sun ce masa zafi ne, wasu sun ce basir ne ya hauro, ya sha jiƙe-jiƙe har ya gaji.

"Baba, akwai maganin da kuke sha kullum?"

"Babu, 'yata. Sai ɗan na hawan jinin nan."

"Yana tare da ku?"

Ya sa hannu a aljihun gaban rigarsa ya zaro katin ƙwayoyi a naɗe cikin wani tsohon rasit. Amlodifin ne, miligiram 10. Wannan magani da ɗan'uwansa nifedifin suna sa dasashin wasu mutane ya yi ta girma, ba kowa ba, kuma abin ya fi tsanani a bakin da datti ya taru. Fenitoyin da ake ba masu farfaɗiya shi ma yana yin haka. Da na wanke masa kawai na sallame shi, da bayan 'yan watanni ya dawo da abinsa, ya ƙara yarda cewa asibiti ba su da maganin wannan ciwo. Na wanke masa a hankali, na rubuta wa likitan da ke duba hawan jininsa takarda ko zai ga dacewar sauya masa wani irin magani, sannan na maimaita masa magana ɗaya a gaban ɗansa: "Baba, kada ku daina shan ƙwayar nan ko na kwana ɗaya sai likita ya ce." Ina tsoron wannan wurin ƙwarai. Mutum ya ji cewa magani ne ke kumbura masa dasashi, ya je gida ya watsar da shi, a wayi gari ɓarin jiki ya shanye. Dasashi ana gyara shi, ko da sai likita ya yanke abin da ya yi yawa.

Awon jini kuwa ba na ɗaga wa wani babba ƙafa a kansa. Mutane da dama a kujerar haƙori suka fara jin cewa jininsu ya hau, domin ciwon haƙori ne kaɗai ya taɓa kawo su asibiti. In na ga ya kai 180 bisa 110, na bar mutum ya huta na sake aunawa bai sauka ba, to ranar babu wanki. Wurin likita zai wuce kai tsaye. Wasu sukan ji haushi, su ce daga Rigachikun suka taso ko daga Maraban Jos. Ina ba su haƙuri iyakar iyawata, amma ba na canja magana.

Ciwon suga shi ne wanda na fi daɗewa a kansa. Wata mata ta zo daga Rigasa, shekarunta ba su wuce arba'in da 'yan kai ba, haƙoranta na ƙasa suna girgiɗi, dasashin yana tara ruwa nan ya fashe, ya koma can. Dattin da ke bakinta bai kai ya yi wannan ɓarnar ba, kuma a irin wannan rashin daidaiton ne nake tsayawa. Bakinta a bushe yake, madubin da na sa yana mannewa a kuncinta. Na tambaye ta ko tana yawan jin ƙishirwa, ko tana tashi fitsari da dare. Ta dube ni ta ce, "Sista, ya aka yi kika sani?" Na tura ta gwaji, sakamakon ya fito da suga mai yawa wanda ba ta san da shi ba.

Suga da ciwon dasashi suna ciyar da juna. Sugan da ba a shawo kansa ba yana raunana garkuwar jiki, dasashi ya kasa kare kansa, rauni ya ƙi warkewa da wuri. Shi kuma dasashin da ke cikin kumburi kullum yana ƙara wahalar da jiki wajen sarrafa suga. Wani babban nazari da ƙungiyar Cochrane, mai tattara sakamakon binciken lafiya, ta fitar a 2022 ya nuna cewa yi wa masu suga maganin ciwon dasashi yana rage ma'aunin nan na HbA1c, mai nuna matsakaicin sugan jini na watannin baya, da kimanin kashi 0.4 bayan wata 3 zuwa 4. A ido kaɗan ne, amma likitocin suga sun san ba abin rainawa ba ne. Tun taron da ƙwararrun dasashi na Amurka da Turai suka yi a Shikago a 2017, ana kasa ciwon dasashi mataki 4 gwargwadon ɓarnar da ya riga ya yi, sannan a ba shi daraja A ko B ko C gwargwadon saurin da yake ci. Cikin abubuwan da ke jefa mutum cikin C mai gudu akwai biyu: shan taba kara 10 ko fiye a rana, da mai suga wanda HbA1c ɗinsa ya kai kashi 7 ko ya haura. Ke nan tsarin da duniya ke bi ma ba ya barin a yanke hukunci a kan dasashi ba tare da an san mai dasashin ba.

Mai suga da safe nake ba shi lokaci, in ce ya karya kumallo ya sha maganinsa yadda ya saba kafin ya fito, kada suga ya faɗi yana kan kujera. In watan azumi ya gabato kuma aikin ba na gaggawa ba ne, mukan zauna mu duba, ko a yi kafin a ɗauki azumi ko a bari sai bayan salla.

Akwai sauran da ba na wucewa ban tambaya ba. Mai sikila, wanda gajiya da rashin ruwa a jiki da ƙwayar cuta ke iya tayar masa da ciwo. Mai shan maganin tsinka jini irin su wafarin, wanda sai an ga sakamakon gwajinsa kafin a shiga ƙarƙashin dasashi. Wanda aka sa wa ƙyauren zuciya na roba ko na ƙarfe, wanda likita zai rubuta wa maganin kashe ƙwayoyin cuta ya sha kafin a fara.

Maganar juna biyu ita kuma sai da dabara. Amarya mai cikin fari ba za ta taɓa amsa mini gaskiya ba in surukarta ko yayar mijinta na zaune a ɗakin. Don haka nakan ce da mai rakiya, "Mama, ku ɗan ba mu wuri in duba ta," in rufe ƙofa, sannan in tambaya a hankali. Ciki yana sa dasashi ya kumbura ya riƙa jini ko da dattin kaɗan ne, wani lokaci har wani ƙullutu ja ya fito tsakanin haƙora, wanda yawanci yakan saɓe bayan haihuwa. Mata da yawa an tsorata su cewa mai ciki ba ta zuwa wurin haƙori. Wanki ba ya cutar da ita ko abin da ke cikinta. Tsakiyar cikin, daga wata na 4 zuwa na 6, ya fi mata sauƙin zama, in kuwa ciki ya tsufa ba na kwantar da ita rigingine, nakan sa ta ɗan karkata hagu. Irin wannan keɓewar ce kuma ke sa mace ta faɗi abin da ya kawo ta na gaskiya. Sau da yawa ba jini ba ne, maigida ne ya yi mata maganar warin baki, kuma ta kwana biyu tana kuka a kan abin.

Sai duba. Ba daga haƙori nake farawa ba. Ina kallon fuska ko wani ɓari ya fi wani, in shafa ƙarƙashin haɓa da gefen wuya ko akwai kaluluwa, in sa yatsu a gaban kunnuwa in ce a buɗe baki a rufe don in ji mahaɗin muƙamuƙi. Sannan leɓe, cikin kunci, ganda. Harshe nakan kama shi da ɗan ƙyallen bandeji in jawo shi waje in juya, in ga gefensa da ƙarƙashinsa, don can ne mugun abu ya fi son ɓuya. Duk gyambon baki da ya wuce mako 2 bai warke ba, ko wani farin tabo da ba ya gogewa, musamman ga mai shan sigari ko mai cusa garin taba a leɓe, ba na cewa a je a kurkura da ruwan gishiri a gani. Likita nake kira, in ya ga da buƙata a tura mutum sashen tiyatar baki da muƙamuƙi, irin wanda ke asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello a Shika. Wannan duba ba ya cin minti biyu.

A nan ma nake ganin abin da aka yi wa haƙori kafin a zo. Farin ƙuna a dasashi kusa da turmi mai ciwo yana gaya mini an danna ƙwayar asfirin a wurin an kwana da ita. Warin kanumfari ba ya damuna, yana ɗan rage zafi. Amma na ga bakin da aka ɗiga wa ruwan batir don a kashe tsutsa, kuma babu wata tsutsa a cikin haƙori. Ƙwayoyin cuta ne ke cin suga su fitar da tsami, tsamin ya narkar da haƙori.

Daga nan sai awon dasashi, wanda shi ne zuciyar dubawar. Akwai wani siririn tsinken ƙarfe mai ɗan dunƙule a baki, faɗin dunƙulen rabin milimita, don kada ya soki nama. A jikinsa akwai baƙin zane daga milimita 3.5 zuwa 5.5. Ina zura shi a hankali tsakanin haƙori da dasashi, da nauyin hannu kaɗan, in bi kewayen haƙorin. Lafiyayyen dasashi ba ya barin tsinken ya wuce milimita 3, baƙin zanen duk yana waje, kuma ba ya jini. In zanen ya fara nitsewa, rami ya fara. In ya ɓace gaba ɗaya, ramin ya kai 6 ko fiye, ƙashin da ke riƙe da haƙori ya daɗe yana zaizayewa. Wanda na ga haka a bakinsa sai na auna kowane haƙori a wuri 6, uku ta waje uku ta ciki, ina faɗin lambobin da ƙarfi abokiyar aikina tana rubutawa. Da gangan nake ɗaga murya. Kafin in fara nakan ce wa mutum, "In ka ji 1, 2, 3, lafiya. In ka ji 5 ko 6, riƙe wurin a ranka." Sai ka ga wanda ya shigo yana duba agogo ya yi tsit yana sauraro. Da na gama nakan ba shi madubi in nuna masa inda jinin ke tsattsafowa.

Haƙori kamar turke ne da aka kafa a ƙasa: turken na iya zama lafiya ƙalau, amma in ruwa ya kwashe ƙasar da ke gindinsa, faɗuwa zai yi. Abin da ya sa ciwon dasashi ke cin mutane ba su ankara ba shi ne ba ya zafi sai can ƙarshe. Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2022 ya ƙiyasta cewa kusan kashi 19 cikin 100 na manya a duniya suna da mai tsananinsa, sama da mutum biliyan 1.

Awon nan ne ke ba ni damar yin gargaɗi kafin in taɓa. Ana yawan cewa wankin haƙori yana buɗe giɓi, yana sa haƙora girgiɗi, kuma masu faɗin haka abin da suka gani da idonsu suke faɗa. Daskararren datti ne ya cike gurbin da ƙashi ya bari, ya haɗe haƙoran ƙasa wuri ɗaya. In aka cire shi, kumburi ya saɓe, sai giɓin da ya daɗe a ɓoye ya bayyana, haƙori ya ɗan yi motsi, ruwan sanyi ya riƙa tsirawa na ɗan lokaci. In mutum ya ji wannan daga bakina kafin a fara, ya gan shi a madubi, zai karɓa. In kuwa sai da ya je gida ya gani, to ni na ɓata masa baki, kuma duk unguwarsu za su ji.

Abin da za a yi a gida shi ne inda na fi ƙin maganar haddace, wato a ce wa kowa goge baki sau biyu a rana, a rage zaƙi, sai an jima. Ba na raba kowa da aswakinsa. Sunna ce, mutane suna riƙe da ita sau da yawa a yini, kuma wanda ya iya amfani da itacen darbejiya ko marke yakan zo da haƙoran gaba tas. Abin da nake yi shi ne in ce ya nuna mini yadda yake yi. Kusan kullum wuri biyu ake bari: bayan haƙoran ƙasa ta wajen harshe, da turamen can ƙurya. Wasu kuma sun cika dirza har dasashi ya ja baya a kan fiƙa, wuyan haƙorin ya yi kwarmi. Sai mu gyara riƙon tare. Sannan in roƙi abu ɗaya: da dare kafin a kwanta, a sa buroshi mai laushi da makilin mai sinadarin fuloraid, a duba jikin kwalin a ga lambar yawan sinadarin tsakanin 1000 da 1500, a goge minti 2, a tofar, kada a kurkure da ruwa. Wannan na ƙarshen ne ke ba mutane mamaki. Kurkurewa tana wanke sinadarin da ake so ya kwana a kan haƙori. Gawayi da toka da gishiri kuwa ina hana su kai tsaye, domin suna cinye fatar haƙori, kuma abin da ya tafi ba ya dawowa.

Tsohon da goro ya rina wa haƙora ja sau da yawa bakinsa ya fi na saurayi mai fararen haƙora lafiya. Rinin goro a waje yake, inji na ɗauke shi. Wani matashi tela daga Tudun Wada ya zo da kogo a wuyan haƙora da dama, ya rantse ba ya cin zaƙi, kuma har ransa yake faɗa. Na ce ya ba ni labarin yininsa daga asuba. Shayi mai suga da safe, wannan ba komai. Amma da ya hau keken ɗinki akwai alewa a kuncinsa don kada barci ya ɗauke shi, in ta narke ya sa wata, ga gorar zoɓo mai zaƙi a ƙarƙashin tebur yana kurɓa har magariba. Yawan sugan bai kai yawan lokutan muni ba. Duk kurɓa ɗaya sabon tsami ne a kan haƙori, kuma yawu na buƙatar lokaci kafin ya wanke shi ya gyara wurin. Ban ce ya bar zoɓo ba, na san ba zai bari ba. Mun yi yarjejeniya ya shanye shi lokaci ɗaya tare da abincin rana, gorar ƙarƙashin tebur ta koma ta ruwa, alewa kuma cingam marar suga ya maye gurbinta.

Ga iyaye mata magana ɗaya nake nanatawa. Wajen shekara 6 wani turmi yana fitowa a bayan haƙoran nono, ba tare da wani ya faɗi ba, don haka ake ɗaukarsa na yarinta, a bar shi ya ruɓe ana cewa ai zai fita. Na dindindin ne. Yaro ƙasa da shekara 3 makilin kamar ƙwayar shinkafa ya ishe shi, daga 3 zuwa 6 kamar ƙwayar wake, kuma babba ne zai riƙa goge masa ko ya tsaya a kansa har ya kai wajen shekara 7.

Aljihu ma yana cikin abin da nake dubawa, ko da ba a rubuta shi a kati. In na lissafa wa mutum ayyuka biyar a lokaci ɗaya, ba zan sake ganinsa ba. Nakan jera masa su: wannan ba ya jira, wannan zai iya kai wa bayan girbi ko ƙarshen wata, wannan kuwa kwalliya ce, in ka samu hali. Haka maganar dawowa. Wata 6 da aka saba faɗa ba ta dace da kowa ba. Mai suga ko mai shan taba da ramukansa suka yi zurfi bayan wata 3 nake son ganinsa, wanda bakinsa ke lafiya kuwa shekara ma ba laifi.

Dawowar da ta fi muhimmanci ita ce ta farko, wajen wata 2 zuwa 3 bayan an wanke ƙarƙashin dasashi, kuma ita ce aka fi guje wa, tunda jini ya tsaya, wari ya tafi. Saboda haka nake karɓar lambar waya in kira da kaina. A ranar nake fito da tsohon katin in sake aunawa wuri-wuri, in gwada da lambobin baya. Inda 5 ta koma 3 kuma babu jini, a gida za a ci gaba da riƙe shi. Inda 4 ko 5 ke nan tana jini, in sake wankewa, in sake duba yadda ake goge wurin, wataƙila ɗan ƙaramin buroshin tsakanin haƙora ake buƙata maimakon tsinken sakace. Inda kuwa 6 ta ƙi sauka, ya wuce hannuna, sai in haɗa katin da hoton haƙoran in miƙa wa likita.